Agogon Baba da Katako Biyu

Rahila, Istifanus, ku karanta wannan har ƙarshe kafin ɗayanku ya ɗauki waya ya kira ni. Ba na son a kira ni. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru ran Asabar a Kaduna, da ɗiyarki Godiya, Rahila, ta gama gudunta, allo ya nuna lokacinta, ta zo gabana tana haki ta ce na'ura ta cuce ta kamar yadda ta cuci kakarta. Ku biyun kuka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Babu na'urar da ta taɓa cutata. Ni na ƙirƙiro maganar nan, ni na shayar da ku ita, yau ga shi ta kai ga jika. Takardar nan da kuka sa wa gilashi kuka rataye a falo, mai cewa Saratu Yohanna ta yi mita ɗari a sakan sha ɗaya da ɗigo ɗaya, ku sauke ta. Ban taɓa yin wannan gudun ba.

Kakanku, Baba Yohanna, a hoto kawai kuka san shi. Ma'aikacin reluwe ne a tashar Kafanchan, aikinsa rubuta lokacin da jirgi ya shigo da lokacin da ya fita. Mutum ne da ya ɗauki lokaci da zafi fiye da kima. In fasto ya zarce da minti biyar a wa'azi, Baba zai zaro agogon aljihunsa ya ɗaga shi daidai fuska, ba zai ce komai ba, sai faston ya fara neman hanyar cewa amin. Duk garin nan in ana gardamar ƙarfe nawa, cewa ake a je a tambayi Yohanna. Ina ƙarama, ban fi shekara bakwai ba, nakan kai masa abincin rana a tasha. Wata rana ya riƙe hannuna muka bi gefen layin dogo, can nesa ga ma'aikata suna gyara, ɗaya yana ɗaga guduma yana bugun ƙarfe.

"Tsaya nan. Kalli mutumin can. Me kika gani?"

"Ya buga."

"Me kika ji?"

Sai a lokacin ƙarar ta iso kunnena.

"To, kin gani. Ƙara ma tafiya take yi, kamar jirgi. In abu yana nesa, ido ne ke fara samu, kunne sai ya jira."

Ku ma ku riƙe wannan, don a kansa duk labarin yake.

Gudu tun ina firamare nake yin sa, ba takalmi, ina wuce maza suna jin haushi. Da jirage suka daina zuwa kamar da, Baba ya yi ritaya, ya dawo gida ya zauna a kan benci ƙarƙashin mangwaro yana kallon kaji. Mama na gonar citta tun safe, shi kuwa ko fartanya bai iya riƙewa ba. Wata shida ya yi haka, ya rame, ya daina aske gemu. Abin da ya tashe shi agogon gudu ne, irin wanda ake dannawa da babban yatsa, wani tsohon malamin wasanni ya ba shi. Daga ranar ya zama mai riƙe mini lokaci, ya koma sa farar rigarsa ta aiki, yana tashe ni tun kafin zakara ya gama cara. Bindigar tashin gudu ba mu da ita, wa zai ba mu? Sai abokinsa Kawu Bulus, kafinta, ya haɗa katako biyu da hinji, ya shafa musu farin fenti. Shi zai tsaya a bakin tashi ya ɗaga su sama ya haɗa su, fau, ni in tashi. Baba yana can ƙarshen mita ɗari, zai kafa ido a kan fararen katakon, da zarar sun haɗu ya danna agogo. Don haka aka yi musu farin fenti, don a hango su daga nesa.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, ina da ashirin da biyu. Na riga na yi suna. Na ci a Kaduna, na ci a Jos, babu yarinyar da ke shan gabana a jihar nan. Masu agogo na can suna ba ni sha ɗaya da ɗigo huɗu, wani lokaci da ɗigo biyar. Mai kyau ne, amma bai kai a sa mutum a jirgin sama a fita da shi waje ba. Kwatsam a filinmu na gida sai lokacina ya fara sauka. Ɗigo uku. Ɗigo biyu. Ni ban ji ƙafata ta canza ba, amma wa ke tambaya in abin daɗi ya zo? Sai aka yi gasar ƙananan hukumomi a nan Kafanchan, Baba ne shugaban masu agogo, tare da wasu malaman makaranta biyu. Na wuce layi, malaman nan suka duba nasu, suka dubi juna, suka dubi Baba. Ya kawo agogonsa kusa da hanci ya ce sha ɗaya da ɗigo ɗaya. Wa ya isa ya yi gardama da agogon Yohanna? Suka sa nasu a aljihu, aka rubuta nasa. Na yi tsalle na rungume shi a gaban jama'a, abin da ban taɓa yi ba tun da na girma. Matan zumuntar coci suka raka ni gida da guɗa. Takardar da ke falonku ke nan.

A watan nan takardu biyu suka zo gidanmu. Ɗaya daga makarantar koyon aikin nas, wadda Mama ta yi shekara biyu tana azumi da addu'a a kanta, sun ɗauke ni, in zo kafin ƙarshen wata ko a ba wani. Ɗayar daga hukumar wasanni a Legas, sun ji labarin lokacina, suna gayyata ta sansanin horo na wata uku, a ƙarshe a yi gwaji a zaɓi mata uku da za su wakilci ƙasa a waje. Ba yadda za a yi duka biyun. Mama tana kankare citta a tsakar gida ta yi maganarta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Saratu, wa kika taɓa gani ta kai shekara arba'in tana gudu? Nas kuwa har ta yi furfura tana yin allura."

"Mama, kin san mata nawa ne a ƙasar nan suka taɓa yin sha ɗaya da ɗigo ɗaya?"

"Ban sani ba. Na dai san mata nawa ne a unguwar nan ke neman takardar da ke hannunki."

Na juya wurin Baba, ina jiran ya tsaya mini kamar kullum. Yana zaune a bencinsa yana juya agogon a tafin hannu.

"Baba, ka ce wani abu mana."

Ya mayar da agogon aljihu.

"Ke kika san ƙafarki," in ji shi.

Na ɗauka albarka ya sa mini. Mutumin da ke da magana a kan komai, har yawan gishirin miya, ranar nan abin da ya iya faɗi ke nan, ni kuma wauta ba ta bar ni na lura ba. Na mayar da takardar makaranta da hannuna. Aka ba Hannatu ta gidan bayanmu gurbin, wadda kuka sani, wadda ta yi ritaya da gidanta mai bene, take gaishe ni a coci da wannan murmushin nata.

A Legas na fara ganin na'urar. Bindigar tashi tana haɗe da waya, da zarar ta yi ƙara agogo ya fara da kansa, ba yatsan kowa a ciki. A kan layin ƙarshe kuma ga kyamara da ke ɗaukar hoton ƙirjin kowace mai gudu a daidai lokacin da ya taɓa layi. Ranar gwaji ne kawai suka kafa ta. Na tashi lafiya, na yi gudu lafiya, wallahi ban taɓa jin jikina ya yi daidai kamar ranar ba. Amma tun daga mita sittin na ga bayan mata, abin da ban saba gani ba. Na zo ta biyar. Allo ya nuna sha ɗaya da ɗigo bakwai da huɗu. Na tsaya ina kallonsa kamar an rubuta da yaren da ban iya ba. Daga nan sai zuciya ta ɗebe ni, kun san ni, na haye benen da masu na'ura suke da takalmin ƙusa a ƙafata. Na tarar da wani dattijo mai hula, Malam Shehu, mutumin Jere. Da jin Hausata ya gane daga ina nake. Bai yi fushi da ihun da nake yi ba. Ya jawo hoton ya nuna mini ƙirjina, ya nuna na mata huɗun da ke gabana, ya ba ni kujera.

"Ɗiyata, a gida da bindiga kuke tashi?"

"Da katako."

"Mai agogo yana ina?"

"Yana ƙarshe mana. Ina zai tsaya?"

"Kallon katakon yake, ko saurare yake?"

"Kallo yake. Babana ne. Shekara talatin yana riƙe wa jirgin ƙasa lokaci."

"Allah ya ƙara masa lafiya. Agogon hannu dama yakan rage wa mai gudu kaɗan, don yatsa ba ya saurin waya. Wannan kowa ya sani. Amma ratar da ke tsakanin takardarki da hoton nan ta fi haka. In mutum yana mita ɗari ya jira sai ya ji ƙara, kin riga kin yi taku biyu kafin ya danna. Ba a nan aka ƙara miki ba, ɗiyata. A can aka rage miki."

Abin da na gaya wa bawan Allah nan ba zan rubuta shi duka ba. Na ce masa ya danne ni ne don ya ji daga inda na fito, na ce sun riga sun zaɓi nasu. Ya dai naɗe hoton ya miƙo mini. Na yayyaga shi a gabansa. In yana raye, ya yafe mini.

A mota, hanyar dawowa, abubuwa suka yi ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya, ina korar su suna dawowa. Baba ya daina karanta nassi a coci tun bara, wai ƙananan yara su ma su koya. Baba ya zuba shayi a gefen kofi sau biyu ya ce tebur ne ya karkace. In mutum ya shigo gida, Baba ba ya gaishe shi da suna sai ya fara magana. Kafin mu kai Kafanchan na san abin da zan yi. Ban gaya wa kowa sakamakon ba, na ce sai an aiko. Kwana biyu da dawowata na ce mu je fili da safe. Baba ya sa farar rigarsa ya tafi ƙarshen layi. Na jawo Kawu Bulus gefe.

"Kawu, ka ɗaga katakon ka haɗa su yadda ka saba, amma kada su taɓa juna. Kada su yi ƙara."

"Wane irin wasa ne wannan, Saratu?"

"Ka dai yi."

Ya kalle ni, ya kalli abokinsa can nesa, bai sake tambaya ba. A nan na gane shi ma ya daɗe yana zargi. Ya ɗaga katakon, farare tas cikin rana, ya haɗa su shiru. Na tashi. Duk tsawon mita ɗarin nan idona yana kan Baba, ina roƙon Ubangiji cikin raina, ka sa in ga yatsansa ya motsa, ka sa in zama ni ce mai laifi. Yana tsaye ya ɗan karkatar da kai, kunnensa na dama yana fuskantar wajen Kawu Bulus, babban yatsa a kan agogo, yana jira. Sai da na zo dab da shi ya ji takuna ya firgita. Na wuce shi na tsaya.

"Wane ne? Saratu? Ai Bulus bai buga ba tukuna."

Na karɓi agogon daga hannunsa. Allurar tana kan sifili.

"Tun yaushe, Baba?"

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Daga baya ya sauke hannunsa.

"Tun daminar bara. Na kusa ina gani. Na nesa ne ya zama kamar hayaƙi."

"Ka san ƙara tana makara."

"Na sani."

"Kai ka koya mini."

"Ni na koya miki."

Da ya ce bai sani ba, da tuni na yafe masa a wurin. Na tambaye shi me ya sa. Ya ce ranar farko ya yi niyyar gaya mini, sai ya tuna in ya faɗa za a ba wani agogon, shi kuma ya koma benci. Ya ce da ya karanta lokacin ya ji yadda na yi dariya, sai ya ce bari sai gobe. Goben ta yi ta matsawa har ranar da na rungume shi a gaban mutane, daga nan kuma bakinsa ya kasa.

"Ranar da takardar makaranta ta zo fa? Na ce ka ce wani abu."

Hawaye ne ke fita daga idon nan da ba ya gani. Ni kuwa ko ɗigon tausayi ban ji ba, gaskiya nake gaya muku. Na danƙa masa agogon a hannu na ce:

"Daga yau ba za ka ƙara jin lokacina daga bakina ba. Tun da saurare ka iya, ka yi ta saurare."

Na bar shi tsaye a fili. Kawu Bulus ne ya riƙo hannunsa ya kawo shi gida.

Gari na jira. Duk inda na bi tambaya ake, yaya Legas, yaushe za a tafi waje? A bakin coci ran Lahadi na fara faɗin ta, na ce sun kawo wata na'ura da ba a gwada ba, ta cinye mini rabin sakan, don 'yan can su wuce. Nan take aka karɓa, don dama mutanenmu sun saba jin an danne su. Na so in ce muku don in rufa wa Baba asiri na yi. Shekaru ina gaya wa kaina haka. Ƙarya ne. Ba zan iya tsayawa gaban matan da suka yi mini guɗa in ce ban taɓa zama abin da suka zata ba, shi ke nan. Kawu Bulus ya tafi kabari da bakinsa a rufe. Mama ta gane komai ba tare da an gaya mata ba, kuma ko sau ɗaya ba ta ce ai na gaya miki ba. Da ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Na ƙara shekara shida ina gudu. Me zan koma in yi? Makaranta ta wuce. Abin haushin shi ne kaina ya san lokacin nan ƙarya ne, amma zuciyata ta ƙi yarda. Kowace gasa in na ga allo sai in ji na faɗi, ko da ni na zo ta ɗaya. Na ci kofuna ban ji daɗin ko guda ba. Sau ɗaya aka fita da ni waje, cikin masu gudun miƙa sanda, a matsayin ta jiran ko-ta-kwana, na zauna a benci da rigar ƙasa a jikina har aka gama. Gwiwar nan da kuke gani tana kumbura da damina, a shekarun nan na kashe ta, ina bin lokacin da babu shi. Duk dawowar da zan yi kuma, Baba yana ƙarƙashin mangwaro, idon ya rufe gaba ɗaya a lokacin. Takuna yake ganewa tun daga ƙofa.

"Saratu ce? Nawa?"

Nakan durƙusa in gaishe shi yadda ya kamata, in ajiye masa burodin da na sayo a hanya, in tambaye shi jiki. Lokacin ne kawai ba na faɗa. Shi ma ba ya maimaitawa. Shekara shida muna haka, ban taɓa ɗaga masa murya ba, ban taɓa fasa wanke masa farar rigarsa ba, kowa na cewa Yohanna ya yi dacen ɗiya.

A shekara ta shidan, a gasar ƙasa, na yi gudun da ya fi kowanne a rayuwata. Da bindiga mai waya, da kyamara, ba yatsan kowa. Na zo ta biyu a duk ƙasar nan. Ranar ce kaɗai na kalli allo na ji wannan nawa ne. Tun daga mota nake maimaita lokacin a bakina, na ce yau zan gaya masa, ya isa haka. Na iso ran Alhamis da la'asar.

"Saratu ce? Nawa?"

Na buɗe baki. Sai na hango Hannatu ta katanga tana shanya farar rigar aikinta a igiya, tsohon haushin nan ya dawo mini sabo.

"Baba, ka ci abinci?"

"Na ci," in ji shi.

Na ce a raina bari sai Lahadi, in an taso daga coci, in zauna kusa da shi in faɗa a natse. Kun ji ni, ni ma sai gobe na ce. Ran Asabar da safe Mama ta kai masa kunu a benci ta tarar ya tafi.

Bayan an binne shi ta miƙo mini agogon a ƙulle cikin hankici. Ta ce duk ranar da nake da gasa sai ya tambaye ta ƙarfe nawa za a tashi. In lokacin ya yi sai ya sa farar riga, ya zauna, ya karkatar da kai, ya danna. Can kuma ya sake dannawa.

"Me yake samu, Mama?"

"Ina zai gani? Ni kuma bai taɓa cewa in karanta masa ba. Cewa yake bari ki dawo ki faɗa."

Agogon yana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. In na mutu ku yi yadda kuka ga dama da shi. Ban rubuta wannan don ku ce mini ba komai ba, don da komai, kuma babu addu'ar da na yi da ta rage shi. Rahila, ki zaunar da Godiya ki gaya mata abin da allo ya nuna shi ne nata, ta karɓa, ta koma fili. In kuma kuna son wani abu a cikin gilashin nan na falo, ga shi, ku rubuta da hannu. Shekara talatin da wani abu yana bakina, ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba, don wanda ya tambaya ne ya kamata ya fara ji.

Sha ɗaya da ɗigo biyar da biyu, Baba.